Noti Huɗu da Tozon Aku

Litinin, 1 ga Satumba

Na koma aiki yau bayan wata biyu a gida. An cire min yanar idon dama, duniya ta dawo tar kamar an wanke gilashi. Abin da na fara gani da sabon idon nawa kuwa shi ne furfurar Farfesa. Ashe mutumin nan ya tsufa haka ban sani ba.

Uwar Ƙa'ida, abokiyar aikina da na bar wa ɗakin gwaji, ta bi kowace na'ura ta manna mata takardar umarni. Har butar shayi ta samu tata: a zuba ruwa kafin a kunna. Shekara ashirin da shida ina dafa shayi a ɗakin nan ban taɓa kunna buta a bushe ba. Na ƙyale ta dai, ranar farko ce.

Aku ba ta zo gaishe ni ba. Ɗalibar Farfesa ce mai neman digirin dakta, ni na laƙaba mata sunan saboda bakinta ba ya hutawa. Yarinyar da ina kwance a asibiti take kirana a waya don kawai ta ba ni labarin wanda ya fasa kwalba. Na leƙa teburinta, ko biro babu.

Talata, 2 ga Satumba

Innalillahi. An dakatar da Aku. Wai ƙirƙirar sakamako ta yi.

Mai shara ce ta gaya min a matakala, tana cewa ai har kwamiti aka kafa mata. Na riƙe ƙarfen matakalar na tsaya, sai da matar ta tambaye ni ko idon ne ya motsa.

Laraba, 3 ga Satumba

Farfesa ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa da kansa. Bari in rubuta abin dalla-dalla ko na gane inda aka kauce, don kaina ya ɗaure.

Aikin Aku a kan 'yan guntayen ƙarfe ne, kowanne bai wuce reza ba. Ana shafa musu wata fata siririya da ake kira oksayid. Dangin tsatsa ce, sai dai tsatsar da aka yi da gangan kuma aka yi ta da kyau. Ni nake ɗaura guntun a mariƙi da noti huɗu, in saka a na'ura, in zuƙe iskar ciki, sannan a saki tururin ruwa kaɗan. Abin da ake so a gani shi ne: in ƙwayar ruwa ta sauka a kan fatar, zama take yi yadda ta zo, ko rabewa take yi biyu? In ta rabe, layin da ke kan kwamfuta sai ya yi tozo. Aku ta gauraya wani ƙarfe kaɗan a cikin fatar tata, tozon ya ninka na kowa sau uku. Shekara biyu tana samun sa, har mujallar masana ta buga.

To wasu masana a wani wuri sun bi girkinta, ba su ga komai ba, suka rubuto wasiƙa. Ina asibiti aka ce a maimaita a nan. Uwar Ƙa'ida ta ɗaura samfur goma sha biyu. Layi ya fito a miƙe duk sau goma sha biyun.

Kwamiti zai zauna ranar sha takwas ga wata. In suka tabbatar, kora ce, kuma sunanta ya ɓaci ke nan a wannan fanni har abada. Farfesa ya ce, yana murza goshi, "Kai ka san ta fiye da ni. Za ta iya?" Na ce ko bashin gaisuwa yarinyar nan ba ta iya ɓoyewa, balle lambobi.

A raina kuwa na riga na yanke hukunci. Uwar Ƙa'ida ce ta ɓata samfuran. Mutumin da sai ya karanta takarda kafin ya murɗa famfo, me ya sani game da hannu?

Alhamis, 4 ga Satumba

Na kira Aku. Ta ɗauka, ta ce "Baba", kamar yadda ta saba kirana, da murya can ƙasa. Ni da na saba nesanta waya da kunnena in tana magana, yau sai da na matse ta. Ta ce mahaifinta ya riga ya gaya wa dangi duka an kusa samun dakta a gida, ita kuma kullum da safe sai ta yi shiri ta fita ta je ta zauna a ɗakin karatu na gari, don kada a gane. Na ce ta kwantar da hankalinta, Babanta na wurin aiki ya dawo. Cika baki dai irin nawa.

Juma'a, 5 ga Satumba

Tozo ya dawo.

Na ɗauki ɗaya daga cikin ragowar samfuranta na ɗaura da hannuna, na bar na'ura ta yi aikinta. Kafin azahar sai ga shi, ƙato, daidai inda yake fitowa. Na yi ta zaga ɗakin ina tafa hannu ni kaɗai. Na buga hoton na kai wa Farfesa, ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Ya ce ranar kwamiti za a maimaita a gabansu, kuma ni zan ɗaura.

Na wuce ta gaban Uwar Ƙa'ida na ajiye mata kwafi ɗaya a tebur. Ta daɗe tana kallo. Ba ta sha mur ba kamar yadda na so. Cewa ta yi, "Samfurin ɗaya ne, na'urar ɗaya ce. Me ya bambanta mu, Malam?" Na ce shekara ashirin.

Na ji daɗin amsar nan har gida, na maimaita wa uwar yara sau biyu.

Litinin, 8 ga Satumba



Da safe na ciro mariƙin daga na'ura, samfurin Juma'a yana ɗaure a jiki. Na ɗaga shi zan kwance, sai na ga hoton dogon ƙwan fitilar rufi a fuskar ƙarfen. Ƙwan a miƙe yake, amma hotonsa a lanƙwashe kamar baka. Na zaci sabon idon ne yake min wasa. Na rufe shi na duba da na hagu, hazo kawai na gani, wanda na saba gani shekaru. Na sake buɗe na dama. Baka.

Na kwance noti huɗun. Hoton ya miƙe.

Akwai sukudireban awo a aljihun tebur na biyu, wanda aka sayo shekara tara da suka wuce. In noti ya kai ƙarfin da aka tsara sai ya yi ƙas, ya ƙi ƙara juyawa. Sau ɗaya na taɓa gwada shi, na ga ɗaurinsa sako-sako ne, na mayar da shi kwalinsa. Yau na ciro shi na ɗaura da shi. Hoton fitila a miƙe sambal. Na kwance na sake ɗaurawa da nawa tsohon mai jan mariƙi, yadda na saba: in murɗa har ya tsaya, sannan in ƙara masa 'yar kaɗan don tabbatarwa. Baka ta dawo.

Sau biyar na yi. Sau biyar.

A ƙarƙashin mariƙin akwai ɗan tudun da ke dumama samfur. In ka danne gefe huɗu da ƙarfi, tsakiya sai ta turo sama. Samfuran kwatance da muke sayowa masu kauri ne, ko a jikinsu. Na Aku kuwa a kan siririn ƙarfe take yin su, don su fi saurin ɗaukar zafi.

Na zauna a kan kujerar ƙarfe har shayina ya yi fata.

Talata, 9 ga Satumba

Na saka samfur ɗaya da ɗaurin sukudireban awo, ban gaya wa kowa ba. Layi a miƙe. Na ciro shi, shi ɗin dai, na ƙara masa murɗata, na mayar. Tozo.

Ba girkinta ba ne. Ni ne.

Laraba, 10 ga Satumba

Na je wurin malamin da ke ofishin ƙarshe, wanda lissafin ƙwayoyin zarra ne aikinsa, kullum a cikin kwamfuta. Na yi masa tambayar kamar ta wani ce: in aka ɗan lanƙwasa ƙarfe mai fatar oksayid, ruwa zai damu? Ya cire tabarau da murna, da alama an daɗe ba a tambaye shi komai ba. Ya ce in dunƙule hannuna. Na dunƙule. Ya ce in dubi fatar bayan gaɓoɓin yatsuna yadda ta miƙe. Haka fatar oksayid take yi, in ji shi, ƙwayoyinta su ɗan ja baya da juna, ko da kashi ɗaya cikin ɗari ne. Wannan ɗan abin ya isa ya canza yadda suke kama ruwa. A wasu fatun ƙwayar ruwan da a da take zama lafiya sai a fizge mata ɓangare ɗaya.

Ya ce, "Wa yake yin wannan gwajin? Abu ne mai kyau." Na ce karatu kawai nake yi. Ya bi ni har ƙofa da takardu uku.

Abu mai kyau. Hmm.

Ga abin da ya fi tsaya min a wuya. Duk samfurin da aka ɗaura akwai fom ɗinsa, a layi na shida an rubuta: an ɗaura da sukudireban awo. Sai ka yi alama ka sa hannu. Na Aku kaɗai sun fi ɗari biyu. Kowanne da alamata, kowanne da sa hannuna. Ban taɓa jin ƙarya nake yi ba, wallahi. A ganina fom abin cikawa ne, aiki kuma abin yi ne, kowanne da hanyarsa.

Saura wata goma sha huɗu in yi ritaya.

Asabar, 13 ga Satumba

Tun safe nake zaune a tsakar gida ina gyaran fanka da ba ta lalace ba. Uwar yara ta zo ta tsaya a kaina ta ce kwana biyar ke nan ina cin abinci kamar ana bina, in faɗa mata ko ta kira yayana. Na faɗa mata duka.

Na kuma faɗa mata abin da nake ta juyawa a raina, wanda ko a nan ban so rubutawa ba. Ranar kwamiti ni zan ɗaura. In na ɗaura yadda na saba, tozo zai fito a gabansu. A wanke Aku, Farfesa ya huta, a ce hannun Uwar Ƙa'ida ne bai faɗa ba. Babu wanda zai dubi hoton fitila. Ni kaina shekara nawa ban gan shi ba.

Ta ce, "To yarinyar ta tafi da shi ina? Duk inda ta je aiki sai ta ɗauke ka a jaka ka riƙa ɗaura mata?"

Na ce ba ta gane harkar ba. Ta ce ƙwarai, ita ba ta san ƙarfe ba, amma ta san wanda ya ɗaure famfon banɗaki har ya tsage, ya ce kamfanin ne ba su iya aiki ba. Auta tana ɗaki tana jinmu, na ji ta ƙunshe dariya. Raina ya ɓaci sosai, na mayar da fankar na shiga ciki.

Ban san ma ta riƙe maganar famfon nan ba. Ya fi shekara goma.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na tuna inda na samo 'yar ƙarin murɗar. Shekarata ta farko, samfur ya suɓuce daga mariƙi ya faɗa cikin na'ura, sai da aka kwance ta gaba ɗaya, mako uku ba aiki. Maigidana na lokacin, Allah ya jiƙansa, ya wanke ni tas a gaban ɗalibai, ya ce hannuna kamar na mai jego. Daga ranar babu abin da ya sake suɓuce min. Har alfahari nake yi da hakan, ina koya wa mutane.

Litinin, 15 ga Satumba

Na je na same ta a ɗakin karatun. Tana zaune a lungu da littafi a buɗe, ta rame har wuyan rigarta ya yi mata yawa. Da ta gan ni ta taso da fara'a, don Farfesa ya riga ya gaya mata tozo ya dawo. Ta fara godiya. Na ce ta dakata, mu fita waje.

A kan benci a bakin titi na ciro mariƙin daga aljihu, da sukudireba biyu. Ban iya yin bayani ba, nuna mata na yi. Na sa ta ta kalli hoton sandar fitilar titi a fuskar ƙarfen. Na ɗaura da na awo. Na ƙara tawa. Ba ta bukaci a faɗa mata komai ba, ta fi ni sanin ma'anarsa.

Motoci suna ta wucewa. Sannan ta ce, a hankali, "Shekara biyu, Baba." Na ce na sani. Ta ce, "Na tambaye ka. A watan farko na tambaye ka ko da na awo kake ɗaurawa, ka ce in bar wa manya aikin manya."

Na manta na faɗi haka. Da ta faɗa sai na ji muryata, har da dariyar da na yi a lokacin.

Na gaya mata ɗaya hanyar ma, don kada in zama na yanke mata hukunci ni kaɗai. Na ce in tana so ranar Alhamis in ɗaura yadda na saba, zan yi, bakina kuma a rufe. Ta dube ni wani irin kallo da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta ce, "Wata biyu ana ce min maƙaryaciya ban yi ƙarya ba. Yanzu kake so in fara?"

Ta miƙa min mariƙin ta tafi, ko jakarta ba ta koma ta ɗauka ba sai da na bi ta da ita. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Talata, 16 ga Satumba

Na gaya wa Uwar Ƙa'ida kafin Farfesa, ban san dalili ba. Na shirya wa duk abin da za ta ce. Ta saurara har ƙarshe, ta ce tun ranar Juma'ar da tozo ya dawo take zargin haka, amma ba ta da hujja, kuma ba ta so ta yi min ƙazafi. Sannan ta tambaye ni ko na karya kumallo.

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Farfesa kuwa bai yi faɗa ba. Ya zauna yana kallon bango, ya ce sunansa ma yana kan takardar da aka buga, kuma shi bai taɓa saukowa ya ga yadda ake ɗaurawa ba ko sau ɗaya.

Alhamis, 18 ga Satumba

Mutum biyar, suka cika ɗakin gwaji da ƙamshin turare. Shugabarsu wata dattijuwa ce daga sashen magunguna. Aku tana tsaye a bakin ƙofa da mahaifinta, ashe ta gaya masa. Dogon mutum, ya riƙe hularsa a hannu kamar ya shigo asibiti.

Na ce kafin a fara ina da magana. Na yi ta da baki, sannan na yi ta da hannu: samfur ɗaya, ɗauri biyu, layi biyu. Awa huɗu muka yi ana jiran na'ura, ba wanda ya fita. Da tozon ya hau kan allo a ɗauri na biyu, wani daga cikinsu ya ce "ikon Allah" a ƙasan maƙoshi.

Shugabar ta ɗago fom ɗaya ta nuna min layi na shida. "Wannan sa hannunka ne?" Na ce nawa ne. "Duka?" Na ce duka. Ta tambaye ni ko ɗalibar ta sani. Na ce ta tambaya tun farko, ni na rufe mata baki.

Da za su fita mahaifinta ya tsaya a gabana. Na yi zaton zai faɗi wata magana, na ma sunkuyar da kai ina jira. Ya dube ni kawai, ya sa hularsa, ya bi bayan 'yarsa.

Laraba, 24 ga Satumba

Hukunci ya fito. An wanke Aku daga ƙirƙira. Za a janye abin da aka buga. Babi uku na kundinta sun tashi a banza, an ƙara mata shekara ɗaya da rabi ta sake.

Ni takardar gargaɗi, kuma an sauke ni daga shugabancin ɗakin. Uwar Ƙa'ida ce shugaba yanzu, duk ɗaurin da na yi sai ta duba ta sa hannu a ƙarƙashin nawa. Ba a kore ni ba. Uwar yara ta yi hamdala har da hawaye. Ni ban ji komai ba, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Talata, 30 ga Satumba

Aku ta dawo teburinta. Ita da malamin ofishin ƙarshe suna zana wani sabon mariƙi da zai lanƙwasa samfur da gangan, gwargwadon yadda ake so, a auna. Wai a kan wannan za ta gina sabon aikin. Shi sai murna yake yi. Ita ba ta yi. Ta yi ƙiba kaɗan dai, na lura.

Ta zo ta tsaya nesa da teburina ta ce, "Malam, ina bukatar ka nuna min daidai yawan abin da kake ƙarawa." Malam. Na nuna mata, ta auna, ta rubuta, ta ce ta gode. Surutunta ya dawo, ina jiyo shi daga ɗaya ɗakin, amma da na shiga sai ya ragu.

Litinin, 6 ga Oktoba

Ba wani abu yau. An kawo sabon man injin zuƙe iska. Butar shayi ta fara yoyo.

Da rana na hau sama ɗakin ajiya, inda ake tara akwatunan tsofaffin ɗalibai. Na ce wa Uwar Ƙa'ida ƙura zan kaɗe, wurin ya daɗe ba a taɓa shi ba. Ta ba ni makulli ba ta tambaye ni komai ba.

Akwati talatin da ɗaya. Na riƙa buɗewa ina duba kaurin ƙarfen da kowa ya yi aiki da shi, tunda dai na riga na hau. Yawancinsu masu kauri ne, alhamdulillahi. Bakwai sirara ne.

Ɗaya daga cikin bakwai ɗin shi ne wanda muke kira Dogo. Farfesa ne yanzu a wata jami'a, da ɗalibansa, kuma a kan aikin da ya yi a ɗakin nan aka san shi. Duk shekara sai ya aiko min da gaisuwa. A farkon kundinsa ya rubuta cewa yana gode wa hannun da bai taɓa kuskure ba.

Na sauko da akwatunan bakwai na jera su a ƙarƙashin teburina, don kawai sama akwai danshi. Na nemi adireshin Dogo a wurin sakatariya. Wasiƙar ban wuce gaisuwa ba tukuna, na yaga uku. Gobe in na zo da wuri zan sake gwadawa.